Babin Da Na Ƙirƙira Wa Inna

Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina maƙaryaciya ba. Shekara ashirin ke nan ina buga wa mutane takardu a shagona, kuma na sha buga wasiƙar da na san ƙarya ce tsagwaronta, amma ai ta mai ita ce, ni yatsu kawai na ara masa. Ƙarya tawa ta kaina, babba, guda ɗaya na taɓa yi. Ita ma uwata na yi wa, kuma wallahi da kyakkyawar niyya.

Muna da ƙungiyar karatu, mu biyar. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muke haɗuwa da yamma a ɗakin bayan shagona, tsakanin injin kwafi da kwalayen takarda, inda warin tawada ba ya fita ko an buɗe taga. Akwai Shugaba, tsohuwar shugabar makaranta, wadda har yau in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Akwai Lauya, yarinyar da ke jan layi a ƙarƙashin kowace jimla har ka rasa wacce ce muhimmiyar. Akwai Mai Kemis, namijinmu tilo, wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba, kuma Allah bai hore masa yin magana a hankali ba. Sai ni, da suke kira Kwafi saboda sana'ata. Sai Inna, mahaifiyata, wadda ita da Shugaba suka kafa ƙungiyar bayan sun ajiye alli.

Doka ɗaya gare mu. Muna da wani tsohon kofin silba mai lotsattsen baki. Wanda kofin ke hannunsa shi ke da magana, ba mai katse shi sai ya ajiye. Kuma babba ke fara ɗauka, wato Inna.

Shekara uku ke nan ciwon suga ya tafi da idanun Inna. Tun daga nan na zama idonta. In na rufe shago da yamma sai in zauna a bakin gadonta in karanta mata babi ɗaya ko biyu, tana gyara mini karatu kamar 'yar aji uku. Bara kuma hawan jini ya kayar da ita a banɗaki, ta yi kwana tara a asibiti, ta fito bakinta ya ɗan karkace. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce, "Ki kiyaye, kada wani abu ya tayar mata da hankali. Na biyu ba ya zuwa da sauƙi." Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Ni kaɗai Inna ta haifa, ba mu da kowa a garin nan, in ta tafi ban san wa zan riƙa yi wa faɗa a kan shan magani ba.

Littafin da ya jawo mana abin, Lauya ce ta zaɓo shi. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau haushinsa nake ji. Jan bango gare shi, da kauri, shi ya sa muka raba shi biyu, rabi wannan wata rabi wata mai zuwa. Labarin wani kafinta ne da aka kwasa zuwa yaƙi, ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, mutane na ta yi wa matarsa barka, alhali mutumin da ya tafi ba shi ya dawo ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Yana ɓoye burodi a cikin safa. In yaransa sun yi dariya da ƙarfi sai ya fita waje.

Tun farko na so mu canja littafi, domin babana ma soja ne. Abin da na sani game da shi shi ne abin da Inna ta gaya mini tun ina ƙarama: ya dawo daga yaƙi ba lafiya, ta yi jinyarsa shekara biyu, ya samu sauƙi har yana ɗora ni a wuya yana zagaya tsakar gida, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu a kan gadonsa da hannuna a cikin nasa, ina 'yar shekara uku. Hotonsa na ɗakin Inna, saurayi cikin kaki, fuska ba ko gashi, a jingine a kan akwatin ƙarfen da ya dawo da shi, wanda muke zuba barguna a ciki. Amma da na kawo maganar canji, Inna ta ce, "Ni ba jaririya ba ce. Karanta."

Zaman farko ya tafi lafiya. Kowa na tausayin kafinta, Lauya har da goge ido. Da kofi ya zo hannuna, ni da bakina ba ya shiru, sai na ga bari in ɗan saki fuskokin mutane.

"Ai ni na san irinsu," na ce. "A ƙofar makarantarmu ta firamare akwai wani mai gyaran takalmi, dogo, gemu buzu-buzu, hula har gira. Ba ya magana da kowa. In aka kaɗa ƙararrawa sai ka ga ya zabura. Mu kuwa shaiɗanu sai mu samo ledar burodi mu hura, mu lallaɓa ta bayansa mu fasa ta, tau! Sai ya faɗa ƙarƙashin teburinsa, ƙusoshi na watsewa. Ni ce sarauniyar abin, don haushinsa nake ji. Takalmana kullum a tsinke suke, Inna ba ta sayen na kirki, shi kuma maɗauri ɗaya sai ya shafe rabin awa yana ɗinki, ina tsaye da ƙafa ɗaya ina makara."

Mai Kemis ya yi dariya har da ƙwarewa. Shugaba ta ce Allah ya shirye ni, amma na ga kafaɗunta na rawa. Inna ta ce a ba ta ruwa, ɗakin ya yi zafi, mu tafi gida.

Rabi na biyu na riga Inna karantawa. Wata Laraba ce, an kawo mini kwafi ɗari uku na takardun jarrabawa, na ɗora wa inji na zauna da littafin. Kafin inji ya gama jikina ya mutu. Ashe wata rana aka yi tsawa, kafinta ya fizgi ɗansa zai cusa shi ƙarƙashin gado, ya karya masa hannu. Matar ba ta ce komai ba. Ta jira ya tafi wurin aiki, ta kwashe yaranta ta shiga mota. Ya dawo ya tarar da gida wayam. Daga ranar kullum sai ya jera kwano huɗu ya zauna yana jira, har ya mutu a zaune, kuma matar ba ta taɓa waiwayowa ba. A nan littafin ya ƙare. Na rufe shi na ce wa marubucin, duk inda yake, Allah ya isa.

Na tuna bakin Inna da ya karkace. Na tuna yadda muryarta ta yi rawa a babin da kafinta ya sauko daga mota ranar da ya dawo daga yaƙi. Na ce a raina, wannan ba zai shiga kunnen matar soja mai hawan jini ba, ko da sama da ƙasa za su haɗe.

Yamma uku na yi a bakin gadonta, littafi buɗe a cinyata, ina zuba labari daga kaina. Ban sha wahalar nemansa ba, ai ina da shi tun ina yarinya. Matar kafinta ta yi haƙuri, ta yi jinya, ya fara cin abinci a gaban mutane, ya ɗora ƙaramarsu a wuya ya zagaya tsakar gida, daga baya zazzaɓi ya zo, ya cika a gadonsa yana riƙe da hannun 'yarsa. Har ni kaina sai da na yi ƙwalla, don Allah ya sani na iya tsara magana. Inna tana kwance, fuskarta a bango, ba abin da take cewa sai, "Uhm. Ci gaba." Ko sau ɗaya ba ta gyara mini karatu ba, ni kuwa na ɗauka daɗin labarin ne ya kama ta.

Sai da na gama sannan na tuna akwai zaman ƙungiya. Na ce wa Inna ta huta wannan karon, ta ce in ƙafata ce ke ciwo in zauna, ita za ta nemi mai kai ta. Dole na ɗauki waya in roƙi 'yan ƙungiya kada su faɗi ainihin ƙarshen littafin a gaban Inna.

"Ke Kwafi, kanki ɗaya kuwa?" in ji Shugaba. Da na ambaci likita sai ta yi ajiyar zuciya ta ce to, za ta yi magana a kan salon rubutu kawai. Lauya ta yi mini lacca ta minti goma a kan haƙƙin marubuci, sannan ta yarda. Mai Kemis na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba, na tura masa dogon saƙo. Na manta mutumin nan ba ya buɗe saƙo sai matarsa ta ƙwace wayar.

Ranar Asabar na share ɗaki, na dafa shayi, na zuba biskit a faranti, na zaunar da Inna a kujera mai hannu kusa da taga. Shugaba da Lauya suka zo suna ta sunkuyar da kai kamar masu zuwa gaisuwar mara lafiya. Kujerar Mai Kemis ba kowa. Na yi ta addu'a a raina Allah ya turo masa masu ciwon kai su cika kemis ɗin har dare.

Na sa wa Inna kofi a hannu. Ta shafa lotsattsen bakinsa da babban yatsa, ta ɗago fuska.

"Littafin nan ƙarya ne," ta ce.

Lauya ta kalle ni. Shugaba ta cire tabarau ta shiga gogewa.

"Rabin farko mai rubutun ya san abin da yake faɗa. Burodi a safa, gaskiya ne. Ƙin ba ƙofa baya, gaskiya ne. Amma ƙarshen nan, wai ta yi haƙuri ya warke ya ɗauki yarinya a wuya? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana gida ɗaya da wanda ya dawo daga can ba. Tatsuniya ce irin wadda ake yi wa yaro don ya yi barci."

Kunnuwana suka yi zafi. Wani abin haushi, har a lokacin ina jin zafin an kushe mini labari. Na buɗe baki, Shugaba ta nuna mini kofi da ido, na rufe.

Daidai nan ƙofa ta bugu da kwali, Mai Kemis ya faɗo ciki da jan littafi a hammata, yana haki.

"Jama'a ku yi haƙuri, amma yau ba na jiran kofi!" ya ce. "Matar nan, matar kafintan nan, ai ba mutum ba ce! Miji ya je ya ga bala'i ya dawo, don ya karya hannun yaro bisa kuskure sai ki kwashe 'ya'ya ki gudu? Ki bar shi yana jera kwano huɗu har ya mutu? Wallahi kwana biyu na kasa cin abinci. Muguwa! Mara imani!"

Lauya ta dafe kai da hannu biyu. Shugaba ta ce, "Innalillahi." Ni kuwa na miƙe tsaye ban san na miƙe ba, ina yi masa alama da hannu, shi kuma yana kallona yana cewa, "Mene ne? Ƙarya na faɗa?"

Na juya wurin Inna, ina jiran in ga bakin ya ƙara karkacewa, ina lissafin ta inda za a samu mota. Tana zaune yadda take. Ko kofin bai motsa ba.

"Zauna, 'yar nan," ta ce. "Kina tare mini iska."

Na zauna.

"Kai kuma Mai Kemis nemi kujera. Na gode, yau dai na ji ƙarshen littafin." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana gani. "Kin ɗauka makanta kurumta ce? Shekara uku kina karanta mini. In kin zo ƙarshen shafi sai kin lashi yatsa, takarda ta yi ƙara, ki maimaita kalmar ƙarshe. Yamma uku kina zuba, ban ji takarda ta motsa ko sau ɗaya ba. Kuma ke da kike tuntuɓe a kowane layi, sai ga shi kina gudu kamar ruwan famfo."

"Inna, likita ne ya ce..."

"Kofi na hannuna."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, sai na kafa shi a kan farantin biskit.

"Na ƙyale ki ne in ga da me za ki toshe ramin," ta ce. "Sai na ji kin ɗauko nawa. Ɗaukar yarinya a wuya, zazzaɓi, hannu cikin hannu. Ni na ƙirƙiro wannan, 'yar nan. A bakin gado na tsara miki shi, kamar yadda kika tsara mini. Shekara arba'in da biyar ina faɗarsa ban taɓa jin muninsa ba, sai da na ji shi a bakinki."

Shugaba, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa tare da Inna, ta ce a hankali, "Yaya, me kike cewa ne?" Inna ba ta tsawata mata a kan doka ba.

"Mai Kemis, ka ce matar muguwa ce."

"Inna, ni fa ta littafi nake nufi..."

"Na sani. Saurara ka ji ta gaske, sai ka haɗa mu ka zaga gaba ɗaya."

Ta gyara riƙon kofi.

"Baban 'yar nan bai warke ba. Shekara biyu ina ɓoye wuƙaƙe, ina cire takalmi tun daga zaure don kada ya ji taku. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini hannu yana cikin hayyacinsa ba. Wata rana da azahar ina dawowa daga makaranta, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titinmu. Na jefar da littattafan yara na ruga. Na tarar ya tokare ƙofa ta ciki. Sai da maƙwabta suka ɓalle ta. Yana zaune a kan akwatinsa na ƙarfe, da sanda a hannu, yana ce mana mu yi ƙasa, suna waje. Na ce ina yarinya? Ya ce na ɓoye ta, ba za su same ta ba."

Lauya ta toshe baki da tafin hannu.

"Maza uku suka ɗaga shi. Da na buɗe akwatin leɓunanki sun yi baƙi, ba kya numfashi. Wata maƙwabciya mai aikin asibiti ce ta yi ta hura miki iska a baki har kika yi tari. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti. Likita ya ce ƙirjinki ba lalle ya koma daidai ba."

"Akwatin barguna?" na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce. "Inna, akwatin da nake buɗewa kullum?"

"Shi."

Na ji ɗakin ya matse. Shekara da shekaru ina faɗa wa mutane ni haka Allah ya yi ni, ba na shiga lif ɗin hawa bene, ba na rufe ƙofar banɗaki da sakata, har dariya ake yi mini. Na miƙa hannu na tura tagar ta ƙara buɗewa.

"Ranar da aka sallame mu na ɗaure masa kayansa a zani na ajiye a ƙofa," Inna ta ci gaba. "Ni ban ma jira ya fita aiki ba kamar ta littafi. Ido cikin ido na ce masa ya tafi. Bai yi musu ba. Kuka ya yi, ya ce gaskiyata ce. Na ɗauke ki muka koma wata unguwa inda ba a san mu ba, na ce mijina ya rasu. To Mai Kemis, ga ni. Me ka ce ɗazu? Mara imani?"

Mai Kemis, mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen layi, ya sadda kai ƙasa. Littafin ya zame daga cinyarsa ya faɗi, bai ɗauka ba. "Inna ki yafe mini," ya ce, da ƙyar na ji shi.

"Ba ka yi laifi ba. Na faɗa wa kaina abin da ya fi wannan."

Ni a lokacin fushi ne ya taso mini. Na manta da likita, na manta da kofi.

"Kenan bai mutu ba? Ina 'yar shekara uku ubana na raye, kika ce mini ya mutu? Ina ya tafi? Inna, ina kika tura shi?"

"Bai yi nisa ba," ta ce. "Abu ɗaya ya roƙe ni, in bar shi ya riƙa ganinki. Na ce daga nesa, kuma ranar da ya buɗe baki ya gaya miki ko shi wane ne, zan ɗauke ki mu bar garin. Ya yi alkawari. Da kika shiga firamare sai ya sayi tebur da allura da zare."

Shugaba ce ta fara ganewa. Na ga tabaran ya faɗo daga hannunta kan cinya, ta ce, "La'ilaha illallahu." Lauya ta juyo ta kalle ni, ido waje, sannan ta kau da kai da sauri. Ni ina zaune kamar sakarya, ina jiran a ƙarasa, don kaina ya ƙi karɓa.

"Kin ce ba na sayen takalmin kirki," in ji Inna. "Na kirki nake saya. Duk daren Lahadi in kin yi barci sai in sa reza in ɗan yanki maɗaurin, yadda zai kai ki ƙofar makaranta sannan ya tsinke. Abin da na iya ba shi ke nan. Rabin awa a mako, kina tsaye a gabansa da ƙafa ɗaya."

"A'a," na ce. "A'a Inna. Wannan ai tsoho ne, da gemu..."

"Shekararsa talatin da huɗu a lokacin."

Sai fuskar ta dawo mini. Ba fuskar ma, don bai taɓa bari mu haɗa ido ba. Hannuwan ne suka dawo, yadda yake juya ɗan takalmina, ya goge shi da gefen rigarsa alhali ɗinki kawai na kawo, ya warware abin da ya ɗinka ya sake. Ni kuma ina tsaki, ina cewa malam ka yi sauri mana. Na tuna ranar da muka zo muka ga ba tebur, ina aji shida, wata ta ce mahaukacin ya mutu, muka ce kash, yanzu wa za mu tsorata.

A ɗakin nan, a kan kujerar nan, wata ɗaya da ya wuce na ba da labarin ina dariya. Duk sun ji. Mai Kemis da ya ƙware don dariya ya sunkuyar da kai har goshinsa na taɓa gwiwa.

"Ya san ni ce?" na ce. "Ledar. Inna, ya san ni ce nake yi?"

"Ya sani."

"Kika bari? Kina ji kina gani kika bari ina yi wa ubana haka?"

"Ban sani ba sai da ya gaya mini. Duk ƙarshen mako nakan kai masa wankinsa a bayan makaranta, mu yi magana ta minti biyar. Ranar da na ji na ce yau sai na farfasa miki jiki. Ya riƙe mini gefen mayafi, shi da ya yi shekaru bai taɓa ni ba. Ya ce in na dake ki bai yafe ba."

Ta shafa bakin kofi. Leɓenta na gefen da ya karkace yana rawa, amma muryar ta fito sarai.

"Murna yake yi, 'yar nan. Fuskarsa duk ta washe. Ya ce in kwantar da hankalina, likitan nan bai san aikinsa ba, ƙirjin yarinya lafiya lau yake. Ya ce yara da yawa na yi, amma yana gane taki ko yana ƙarƙashin tebur, don ta fi ta kowa ƙara."

Ban san sautin da na yi ba. Na dai ji Shugaba ta riƙe ni ta baya tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ita ma tana kuka. Shayi ya huce a kofuna ba wanda ya taɓa. A waje wani yana ƙwanƙwasa ƙofar shago yana tambaya ko ana kwafi, har ya gaji ya tafi.

Inna ta bari na yi mai isata. Sannan ta sunkuya tana laluben ƙasa da hannu ɗaya har ta taɓa littafin Mai Kemis, ta ɗauko ta kakkaɓe shi. Ta miƙo shi wajena, ta ɗora kofin a kai.

"Na ajiye," ta ce. "Hawan jinina na nan inda yake, kada ki damu. Karanta mini na gaskiyar, daga inda aka yi tsawa. Ina so in ji ko ita ma tana kai masa wanki."

"Ba ta koma ba, Inna," in ji Lauya cikin kuka.

"To a karanta in ji da kunnena."

Na buɗe littafin. Na nemo babin, na lashi yatsa, na juya shafi, takardar ta yi ƙara, na ga Inna ta gyaɗa kai. Su huɗu suna jirana. Na ja numfashi, ƙirjin nan nawa mai lafiya lau ya cika taf, na buɗe baki, iskar ta ƙi fita.